Yadda Na Shiga Labarin Ɗan Wasaki

Wautar da na taɓa yi ita ce na sayar da jarumi sukutum a kan fara cikin tafin hannu. Soyayyiya ce, da yaji, amma duk da haka.

A Yekuwa aka haifi jarumin, a bakin kakarmu Yaha. Bayan girbi takan hura wutar kara a tsakar gida, ta zube mana gyaɗa a tabarma. Dokarta ɗaya: hannu ya daina ɓara, bakinta ya rufe. "Ga ta nan," take cewa, "ga kuma gyaɗa nan."

Jarumin, Ɗan Wasaki sunansa, wasakin nan na fata da ake jan ruwa da shi. Gajere ne, a rijiya aka tsince shi shekarar fari. Da gero ya fara ƙonewa sai ya wurga igiya sama, ya zargo hadarin da ke shirin tafiya Kano, ya jawo shi har Damagaram yana kuka.

Ni na ƙara masa babur mai tashi da rawanin da ba ya kwancewa. Ni! Amma Habu, ɗan kawuna da ke lakwal, wato makarantar boko, a Dungas, shi ya iya zane. Ya miƙo mini farar nan ya ce, "Taubashi, bar mini shi in zana." Na ce ɗauki, bakina cike.

Ya zana shi gida-gida da alƙalamin bik a takardar buhun siminti, magana na fitowa daga bakinsa. Kafin wata ya mutu takardun sun zaga lakwal ɗinsu har sun yi laushi kamar tsumma. Kowa sai "Ɗan Wasakin Habu." Duk sanda na ji, cikina yakan yi zafin da za a iya gasa masara a kai.

Na sami Yaha tana tankaɗe. Na ce ko ta kashe Ɗan Wasaki, ko ta sa ni a labarin.

"Kai maigida," ta ce, "miji da kishi haka? Ko cefane ba ka yi."

"Ni dai ki sa ni. Babba. Wanda ya fi shi ƙarfi."

"An gama."

Da yamma na zauna gaba-gaba, na fi kowa ɓara. Sai ta ce ai hadari nauyi gare shi, ba Ɗan Wasaki ke jan igiyar shi kaɗai ba. Yana da jaki mai ƙarfin gaske, mai faɗin kunne, sunansa Sabi'u. Sunana ke nan. Jakin ya ji haushi don shi ke ja, wani ake gode wa, ya saki igiya. Hadari ya gudu, shi ma ya kwana da ƙishirwa.

Habu ya faɗi yana birgima cikin ɓawon gyaɗa. Washegari ya zana jakin, har da giɓin haƙorina.

Yanzu da na ɗan girma nakan ce Yaha nufinta in riƙe igiya ko ba a gode mini ba. Wani lokaci kuma nakan ce tsokana ce kawai irin ta kaka, don har yau in ta gan ni sai ta taɓa kunnenta.

Takardun dai akuyar kawu ta cinye su da damina, Habu kuma ya koma gyaran babur. Ba mai tuna Ɗan Wasaki a Dungas. Ni ko, har masu kabu-kabun tasha Sabi'u Jaki suke kirana.