Daktan Taɓo Yana Tallaja, Kafili Ya Kashe Waya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shan shayin safe waya ta shigo daga Khumra, nan Jidda, wai Dakta Sulaiman ya faɗi a wurin aiki. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Har yanzu ba mu kai shi makwancinsa ba. Yana tallajar asibiti, inda ake ajiye gawa, sun ce ba za a ba mu shi ba sai kafilinsa, wato mai gidan da ya tsaya masa a takardun zaman ƙasa, ya sa hannu. Kafilin ya yi tafiya, wayarsa a kashe.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tare muka taso a Sa'alaba. Shi kaɗai cikinmu ya samu tallafin karatu a waje, muka yi ta murna unguwa za ta yi likita. Da ya dawo sai ya ce mana laka ya karanto. Wai ƙanƙarar kan tsaunuka idan ta narke takan tara tafki, a ƙasan tafkin akwai laka, a cikin lakar akwai ƙananan halittu iri-iri da ido ba ya gani. Mahaifiyarsa ta tambaye shi ko suna maganin ciwon gwiwa, ya ce tukuna. Ta ce halas, shi ke nan, Allah ya sa albarka.

Ranar muka raɗa masa Daktan Taɓo.

Jinyar uwar ce ta dawo da shi, da niyyar 'yan watanni. Jinya ta yi tsawo, gurbinsa a can aka ba wani, sai ya nemi iƙama, wato takardar zama, a wani kamfanin ajiyar daskararrun kaji a Khumra. Bayan rasuwarta ya so komawa, amma fita sai da yardar kafili, shi kuwa kafili kullum bukra, wai sai gobe. Na sha tsokanarsa cewa ƙanƙara ya roƙa, Allah kuma ya ba shi, sai dai da kaji a ciki. Dariya kawai yake yi.

Ba ya zuwa gidana hannu rabbana. Lokacin da firjinmu ya lalace ana tsakar zafi, shi ya riƙa kawo ƙanƙara daga Khumra saboda allurar sukarin matata, har aka gyara. Ya taɓa leƙa soson wanke-wankenmu ya ce mazaunan cikinsa sun fi na Jidda yawa. Matata ta yi kwanaki ba ta gaishe shi ba, amma ta sauya soson.

Juma'ar da ta wuce muka zauna a wani gidan shayi a Aziziyya bayan la'asar. Na ce masa ya haƙura da zancen lakar nan, mun tsufa. Ya ce in bari ya gaya min abu ɗaya. Halittun nan ba su ganin rana, waɗansu ko iska ba su buƙata, garin dutsen da ƙanƙara ta niƙe suke ci, kuma kowane hawa na lakar da nasa mazauna daban.

"Ya ustaz, mafi yawansu ko suna ba su da shi. Ba wanda ya yi musu rajista, amma suna nan, suna rayuwa a hankali. Ka ga ai 'yan unguwarmu ne."

Na ce to su wa ye kafilinsu? Ya yi dariya har ya sarƙe da shayi.

Ban san sallama muke yi ba.

Mu da aka koya mana gaggauta binne mamaci, ga mu zaune a barandar asibiti muna sake danna lamba ɗaya. Ƙanwarsa Maryam ta kira ni ta tambaya ko a sa mata su fara zaman makoki. Likkafani na saya tun hantsi, yana kujerar bayan motata.

Allah ya jiƙan Sulaimanu, ya yafe masa, ya yalwata masa kabarin da bai shiga ba tukuna. Duk wanda ya karanta wannan ya yi masa Fatiha. In kun gama, don Allah ku ƙara da roƙon mutumin nan ya kunna wayarsa.