Sabon Injin Ƙafa Huɗu

A Tsamiyar Kwari, wani ƙauye can bayan Gezawa, in ka tambayi gidan Muhammadu Sani sai a tsaya ana kallon juna, amma in ka ce Mati mai Ƙafa Huɗu, ko baƙon jiya zai nuna maka. Ƙafa Huɗu mota ce, tsohuwar akori-kura irin ta shiga daji. A gefen babban giyarta akwai wani ƙarami, wanda in an tura shi tayoyin gaba da na baya duk sai su kama ja tare, daga nan ta samo sunanta. Wasu ma'aikatan gona ne suka gaji da ita suka yi gwanjonta tun Mati yana da sauran baƙin gashi, kuma yau ba wanda zai iya rantsewa a kan asalin launin fentinta.

Tsakanin ƙauyen da kwalta akwai wani kwari. Da rani ko keke sai ya bi ta ciki ya wuce, amma da damina ta zauna sai ya koma laka mai riƙe ƙafa. Babu kuma hanyar kaucewa, don a wannan yanki gona tana jikin gona ne, taki ɗaya ka yi gefe ka shiga dawar wani. Saboda haka rayuwar Mati kashi uku ce. Da rani yana ɗebo taki da toka daga birni ya sauke wa manoma, da kaka ya kai gyaɗa da dawa kasuwa, da damina kuwa shi ne motar asibitin gari. Wanda maciji ya sara, da tsohon da numfashi ya tsaya wa, da matar da haihuwa ta zo wa da gardama, duk a bayan motar nan aka tsallaka da su.

Mutum ne marar magana. In ka ji Mati yana zuba hira, to da motarsa yake. Ya san sunan kowane ƙarfe a jikinta, yana lallashinta yana yi mata faɗa, amma 'yarsa ta fari, Aina'u, tunda aka raɗa mata suna bai taɓa furta shi ba. Sai dai "ke", ko "yarinyar nan". Kunyar 'yar fari ke nan, haka ya tarar ana yi, kuma shi ya riƙe ta fiye da kowa. Uwarta Juwairiyya ma haka. Yayar Mati, Gwaggo Fadima, ita ce mai kiran sunan da mai rigimar yarinyar tun daga yaye har ɗaurin aure. Ba wai ba ya sonta ba ne. Tana ƙarama takan lallaɓa ta yi barci a kujerar motar, shi kuwa sai ya waiga hagu da dama, in ba kowa ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta.

Injin Ƙafa Huɗu ya daɗe yana neman hutu. Baƙin mai yake sha kamar kunu, hayaƙinsa yana riga motar isa gari, kuma ba ya tashi sai an tura. Har ta kai in an idar da sallar asuba, masu wayo ta ƙofar baya suke sulalewa daga masallaci don kada Mati ya ce a taimaka. Rannan, cikin bazara, ya ɗauko taki ya kusa gida sai injin ya yi wata ƙara ya buga, bai sake motsi ba.

A cikin satin ne Gwaggo Fadima ta dawo daga Gezawa, inda Aina'u take aure, tana ta washe baki tana raɗa da Juwairiyya a madafi. Ba wanda ya gaya wa Mati komai, ba a gaya wa uba irin wannan. Amma ya ga an fara tara itacen wanka a bayan ɗaki, ya ƙirga watanni a zuciyarsa, lissafin ya faɗa tsakiyar damina. Haihuwar fari kuma a gidan iyaye ake yinta, goyon ciki ba abin da ake tambayar dalilinsa ba ne. Ranar kasuwa ya kora bijiman huɗarsa guda biyu ya sayar. Mutane suka ce Mati ya zauce a kan tsohon ƙarfe, ana shirin shuka ya rabu da shanu.

Aka ja motar zuwa garejin Muntaka, bakaniken da ya daɗe yana yi masa gyara a bakin kwalta. Suka shiga birni tare, suka wuni suna zaga rumfunan masu inji ɗan Beljiyam, wato wanda ya yi aiki a ƙasar waje aka kwance shi aka kawo. Irin na Ƙafa Huɗu ya ɓace daga kasuwa, kowa sai ya ce tsohon yayi ne. Da ƙyar suka samu wani na bas, mai tsabta, ko ɗigon mai babu a jikinsa. Aka rataya sarƙa a reshen darbejiya, aka ciro tsohon injin baƙi ƙirin aka ajiye a ƙasa, aka sauke sabon a gurbinsa. Nan aka ga matsala.

"Malam Mati, zo ka gani da idonka," in ji Muntaka daga ƙarƙashin motar. "Bakin injin nan bai hau da tsohon giyarka ba, ramukan kusoshin ma ba su yi daidai ba. Sai dai a sa shi da nasa giyan da ya zo da shi."

"To a sa mana."

"A sa ɗin ba wuya. Amma nasa na bas ne, ba shi da wurin ƙaramin giya. Farfelar gaba, ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, sai dai mu kwance ta mu ajiye. Tayoyin baya kaɗai za su riƙa ja. Ka gane ko? Ƙafa biyu za ta koma."

Mati ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya tambaya in an jira fa. Muntaka ya ce ana iya samun irin nata gobe, ana iya shekara ba a samu ba, shi ba zai yi masa ƙarya ba. Hadari ya riga ya fara haɗowa daga gabas da yamma-yamma. Mati ya ga mota mai ƙafa biyu ta fi motar da ke kan duwatsu, ya kuma gaya wa kansa cewa ƙarfin sabon inji zai cike gurbin. Ya ce a ɗaura. Sandar ƙaramin giyan kuwa Muntaka ya bar ta a wurinta, ya ɗaure ta da waya don kada ƙura ta riƙa shigowa ta ramin, amma daga ƙasa ba ta haɗe da komai.

Ranar da ya dawo da ita gari ya fito kallo. Bugu ɗaya ta tashi, babu hayaƙi, kukanta sumul. Masu gudun turi suka fi kowa murna. Mutanenmu da kunne suke auna lafiyar mota, ba wanda ya leƙa ƙarƙashi.

Ba a jima ba mijin Aina'u, Abdulkabir, ya zo. Malamin firamare ne, mai ladabi, gidansa kuma ba nisa da asibiti. Mati ya dawo daga masallaci ya tarar da shi a soro da Gwaggo Fadima. Saurayin ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da abin da yake faɗa wa Gwaggo a hankali, cewa da za a yi haƙuri a bar Aina'u ta sauka a can Gezawa, saboda kwarin nan. Jin inda maganar ta dosa, Mati ya zari takalmansa ya fice, don uba ba ya zama inda ake zancen cikin 'yarsa ta fari. Yana bakin ƙofa ya jiyo muryar yayarsa.

"Kai Abdulkabir, wane kwari? Matan garin nan nawa Ƙafa Huɗu ta tsallakar, tun da tsohon inji? Yanzu ga sabo dal. 'Yata a ɗakina za ta haihu, in ji ni."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Kalma biyu ce kawai a bakinsa, ƙafa biyu, kuma ya san ta. Amma in ya koma ya faɗa, ya shiga maganar ke nan a gaban suruki, ya kuma nuna wa duniya abin da ya sa ya sayar da shanunsa. Ya sa ɗaya takalmin ya tafi gindin tsamiya. Washegari ya sake gwadawa, ya sami Gwaggo tana tankaɗe ya ce, "Yaya, motar nan fa..." Ta ɗago ta ce, "Me ya same ta? Ba ga shi ina jin kukanta ba?" Ya ce babu komai. Wallahi abin da ban takaici, mutumin da ba ya tsoron laka da maciji, kunya ta ɗaure masa harshe.

Aka kawo Aina'u da akwatinta da kwandon zaren hular da take ɗinki. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni," ya amsa yana duban taya. Kullum da rana sai ya tarar da kwanon fura a inuwar motar, an rufe da faifai. Shi ma bai zauna ba. Duk dawowar da zai yi daga birni sai ya ɗebo ɓaraguzan gini ya zuba a mashigar kwarin, duk wucewa kuma sai ya tsaya wurin Muntaka ya tambaya ko an sami inji irin nata. Ba a samu ba. Ruwan farko da na biyu motar ta wuce, tana zamewa tana kamawa, har zuciyarsa ta fara kwanciya.

Cikin Agusta naƙuda ta zo. Aka kwana ana abu ɗaya, gari ya waye da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai bayan azahar. Mati yana soro yana jan carbi, bai tambayi kowa komai ba. Sai ga Gwaggo Fadima ta fito ba mayafi, ta ce ungozoma ta ce jini ya ɓalle, a tashi mota. Aka shimfiɗa katifa a baya, aka kwantar da Aina'u, Gwaggo ta ɗora kanta a cinya, aka ja tamfol a kansu. Juwairiyya ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa ko matsowa. Maza suka biyo motar a ƙasa.

Ruwa ya tafi da ɓaraguzan duka. Mati ya yi bisimilla ya shiga da gudu, motar ta kai tsakiya ta tsaya. Hannunsa ya kai kan ƙaramin giya da kansa, kamar yadda ya saba shekara da shekaru, ya tura, sandar ta tafi sakwaf. Ya taka totur. Sabon injin ya yi ruri da duk ƙarfinsa, tayoyin baya suka yi ta juyawa suna haƙa, na gaba ko motsi. Ƙarfin da ya dogara da shi shi ya binne motar har ciki. Maza suka shiga laka suka sa kafaɗa, ana cusa kara da rassa.

"Mati, sa mata ƙafa huɗun mana!" wani ya daka masa tsawa. "Me kake jira?"

Mati ya leƙo ta taga ya ce, "Babu. Tun da aka sa injin babu."

Masu turi suka ɗago suna kallonsa. Wani ya ce a kawo shanu su ja, sai aka tuna shanun da ke wannan gefen garin nasa ne, kuma sun tafi a inji. Aka yanke shawarar a ɗauke ta a kan katifar, a kafaɗa, har kwalta.

Mati ya kashe motar ya zagayo baya, laka har gwiwa. Ya ɗaga tamfol ɗin. Katifar ta jiƙe, kuma ba da ruwan sama ba. Fuskar 'yarsa ta yi fari fat, idanunta a lumshe. Bai waiga hagu ko dama ba, ga mutanen gari tsaye a kansa.

"Aina'u," ya ce. Ya sake ɗaga murya. "Aina'u!"

Ta motsa leɓe, ba ta buɗe ido ba. "Gwaggo, wa ke kirana?"

"Babanki ne," in ji Gwaggo Fadima tana kuka. "Babanki ne, 'yar nan."

Ko ta ji, ko ba ta ji ba, Allah kaɗai ya sani. Suna hango kwalta Gwaggo ta ce a sauke katifar, ta shafa mata ido. Abin da ke cikinta ma bai zo duniya ba.

Injin yana nan lafiya lau har yau, bugu ɗaya yake tashi. Mati ya tsufa, yana ɗebo taki da rani, yana kai dawa kasuwa da kaka, ya kuma cire sandar ƙaramin giyan ya toshe ramin da tsumma. Abdulkabir bai taɓa faɗa masa magana marar daɗi ba, duk sallah yana zuwa gaisuwa. Mutanen gari sun daina tayar da zancen, in kuma ya kama dole sai su sassauta murya su ce marigayiya, ko yarinyar nan ta gidan Mati. Duk inda ya ji haka, ko a masallaci ne ko a tsakiyar kasuwa, sai ya juyo ya dubi mai maganar.

"Aina'u," yakan ce. "Sunanta Aina'u."