Hotunan Inna da Maganin Birus

Injin nan da muke kira odinatar, yayana ne ya aiko mana da shi daga Duwala shekarar da Inna ta rasu. Tsohon hannu ne, mai akwati a ƙasa da allo a kan tebur. Ni ce mai taɓa shi, don ina koyarwa a wata firamare a unguwar Messa, a kansa nake buga tambayoyin jarrabawa. Baba kuwa, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen gashin tsire a bakin titin Briqueterie har gwiwa ta zaunar da shi, abu ɗaya ne ya haɗa shi da injin, hotunan Inna.

Hotunan suna cikin kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin injin. Yayana ya ɗauke su ranar da Inna ta dawo daga Makka, da kuma sallarta ta ƙarshe. Wayar da ya ɗauka da ita tuni aka zare masa a mota, saboda haka ba su a ko'ina sai nan. Ran Juma'a idan an sauko daga masallaci, Baba yakan ce, "Buɗe mana ita." Sai in buɗe. Kallo kawai yake yi har ya ce ya isa.

Yawanci ba shi kaɗai yake kallon ba. Akwai amininsa, wani tela mutumin Zariya mai shago a ƙarshen layinmu, wanda muka tashi muna ce wa Kawu. Tun kafin a haife ni suke tare. Shi ya ɗinka mana kayan makaranta, shi ya tsaya kan kabarin Inna har aka watse. Kullum bayan la'asar zai shigo da butar shayinsa, ya ce, "Sarkin Fawa, ya ƙafa?" Baba ya ce, "Da sauƙi, Alhaji." Idan na ce odinatar sai ya yi dariya ya ce a garinsu kwamfuta ake cewa.

Wata rana Baba ya ce yana son a wanko masa hoto ɗaya babba, wanda Inna ke zaune da farin mayafi. Na kai kilen wurin masu wanke hoto a kasuwar Mokolo, aka wanko, ya yi kyau. Bayan nan ne injin ya fara nauyi. Sai ka danna abu ka je ka ɗora ruwa ka dawo bai buɗe ba. Manyan fayilolin da ke cikin kilen ma suka sauya kama, kowanne da 'yar kibiya a gindinsa, amma dai suna buɗewa. Da na yi wa yayana waya, ya ce birus ne, wata cuta da ke bin kile daga inji zuwa inji, a nemi antibirus a sa.

Nan aka shiga shawara. Na je wani shago a Mokolo, mai shagon ya nuna mini wani a kwali, da faifai a ciki, ya ce duk shekara ake sabunta shi. Baba ya karkata ga wannan, domin shi a ganinsa abin da aka sa a kwali aka rufe, akwai wanda zai tsaya masa. Kawu kuma ya ce ɗansa da ke jami'a a can gida Zariya ya gaya masa akwai na kyauta da ake saukowa da shi daga intanet, shi dukan ɗalibai ke amfani da shi.

"Alhaji, magani na kyauta?" in ji Baba.

"Rigakafin yara ma kyauta ake yi, Sarkin Fawa. Yaron nan abin da yake karanta ke nan."

Sun kwana biyu suna wannan muhawara a kan tabarma, tsofaffi biyu da ba wanda ya taɓa riƙe linzamin injin a cikinsu. Na tambayi abokan aikina, kowa da nasa. Wani ya ce na kwali, wata ta ce duk ɗaya ne, wani ya ce in sa biyu su taimaki juna. Ba wanda ya ce a fara kwafe hotunan a wani wuri, mu ma a gida tunanin bai zo wa kowa ba. Daga ƙarshe Baba ya bi ta Kawu. Na san ba don ya gamsu ba ne. Kawu ya riga ya sa ɗansa ya turo sunan abin, yana ta alfahari da shi, Baba ya ji nauyin ya ƙi.

Ranar Asabar da hantsi na sa shi, su biyu suna zaune a bayana. Ya yi ta bincike, can ya kawo jan rubutu da Faransanci cewa ya sami cuta a injin da cikin kilen, yana tambaya ko ya kawar. Na fassara musu. Kawu ya ce, "To ai abin da aka kawo shi yi ke nan." Baba ya gyaɗa kai, na danna. Da ya gama, injin ya saki jiki, komai na buɗewa nan take. Kawu ya ce a buɗe hotunan a gani. Na buɗe kilen, fari fat, ba komai a ciki.

Na cire na mayar, na kashe na kunna. Baba ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, ba tare da ya juya ba, "Alhaji, da ka bar ni na sayi nawa."

Kawu ya ce, "Wallahi ban san..." Bai ƙarasa ba. Ya ɗauki hularsa da ya ajiye a gwiwa, ya yi sallama ya fita.

Ba a yi faɗa ba. Suna gaisawa a masallaci, idan an yi rasuwa a unguwa suna zama a rumfa ɗaya. Shayin la'asar ne dai ya mutu. Kawu ya aiko mini da atamfa ɗinkakkiya da sallah kamar yadda ya saba, amma bai shigo ba. Na yi wa Baba magana sau ɗaya, ya ce shi bai hana kowa zuwa gidansa ba. Na je shago na sami Kawu, ya ce, "'Yata, da wane ido zan zauna a falon nan?" Da idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa suka matsa ya koma Zariya. Ya zo sallama a tsaye a ƙofar gida, suka yi musabaha, suka nemi gafarar juna irin wadda ake nema da baki idan za a yi tafiya.

An fi shekara da tafiyarsa, wata malama da muke aiki tare ta soka kilenta a injin makaranta, ta tarar ba komai. Na fara yi mata jaje, ta ce ba ɓata suka yi ba, birus ɗin ɓoye su yake yi, ya bar na bogi masu kibiya a fili. Antibirus na bogin yake sharewa. Ta shiga wani wuri ta danna, kayanta suka fito. Ranar ban tsaya jiran taksi ba, da ƙafa na taho gida. Kilenmu yana cikin durowa, ba wanda ya iya jefar da shi. Washegari ta buɗe mini shi. Hotunan suna nan gaba ɗaya, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Da na nuna wa Baba, bai kai ƙarshensu ba ya ce in nemo masa lambar Alhaji. Ɗan ne ya ɗauka. Ya ce mahaifinsa ya sami shanyewar ɓarin jiki, yana ji amma magana ba ta fita sosai. Aka kara masa wayar a kunne. Baba ya ce, "Alhaji, ni ne. Hotunan nan an gan su. Maganin ɗanka bai taɓa su ba." Daga can muka ji wani sauti, ba mu gane ko me yake cewa ba. Baba ya yi ta cewa "Na'am, na'am," kamar yana fahimta. Ɗan ya karɓa ya ce tsohon yana hawaye, a bari sai an jima.

Mun sake kira sau da yawa, wani lokaci yana barci, wani lokaci layin ba ya shiga. Kafin azumi aka aiko mana da rasuwarsa. Baba ya so zuwa gaisuwa, ƙafa ba ta bar shi ba, sai yayana ne ya je a madadinsa. Da ya dawo ya ce iyalan sun karɓe shi hannu biyu, sun ba shi wata farar riga da Kawu ya yanka bai gama ɗinkawa ba, suka ce awon Baba ne. Na kai wa wani tela a unguwar Nkomkana ya ƙarasa ta, wuyan ya ɗan yi masa yawa.