Mafarkin Kaka da Lambobin Kawu

Har yau in na ji ƙamshin koko da asuba, ɗakin kakata ne ke faɗo mini a rai, can a unguwar Sabonjida ta Tamale. A bayanta nake kwana, ni ce kuma mai tura mata itace a murhu. Al'adarta ce in ta idar da salla, tana dama kokon sayarwa tana ba da labarin mafarkinta. In mai kyau ne ta ce alhamdulillahi, in ya dame ta ta sayi ƙosai ta raba wa yaran unguwa sadaka. Mu kuwa, Allah ya yafe mana, mun fi son ranar mummunan mafarki.

Kawuna, autanta, gyaran keke yake yi a bakin titi. Kullum sai ya zo ya durƙusa a ƙofarta ya ce dasiba, gaisuwar safiya ta Dagombawa, ta amsa tana harararsa don ta san koko ya kawo shi. Duk cikin 'ya'yanta ba wanda take so kamarsa.

Wata damina ta yi mafarkin rago ya faɗa rijiya. Ashe a wurin 'yan loto, masu cacar lambobi, kowane abu da lambarsa, maciji da tasa, ruwa da tasa. Kawu ya kai mafarkin can wani ƙaramin shagonsu na katako a bakin kasuwa, ya buga, ya ci. Kafin ka ce me, labari ya cika unguwa. Mutanen da ba su taɓa sanin lafiyarta ba suka fara sammako, a gaishe ta sama-sama, sai a tambayi abin da ta gani.

Da ta gane caca ake yi da barcinta, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta yi wa kawu faɗa, ta rufe bakinta, duk wanda ya tambaya ta ce ba ta ga komai ba. Maƙwabta suka watse. Abin da ba ta zata ba shi ne kawu ma ya ɗauke ƙafa. Sai ta riƙa ajiye masa kokonsa a kwano har ya huce, idonta na kan ƙofar gida.

Damina ta wuce, aka shiga kaka, bai zo ba. Rannan ta aika a gaya masa ta yi mafarki. Washegari sai ga shi ya durƙusa.

"Mma, me kika gani?"

Ta ce ta ga saniyar wata Bafulatana ta maƙale a kwalbati. Da ya fita na ce mata ai ni na ga wannan da idona jiya a hanyar makaranta, ni na ba ta labari. Ba ta kalle ni ba, ta ci gaba da juya ludayi.

"Ya sha koko ko bai sha ba?" in ji ta.

Matar da ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba, haka ta yi ta ƙirƙiro mafarki har ta rasu. Tana yi tana istigfari, shi kuma yana ta faɗuwa, har kayan aikinsa suka ƙare. Na daɗe ina jin haushinta. Yanzu da na haifa, tausayinta nake ji.

Yau a Tamale shagunan cacar ƙwallo ba sa ɓuya. Suna da lasisin gwamnati, ana karɓar haraji, an ce an hana yara shiga. Wataƙila hakan ya fi na ɓoye, ni dai ban iya yanke hukunci ba. Abin da na sani, ɗana mai tuƙa yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, yana dawowa gidanmu na Bulpiela ya shige ɗaki da wayarsa, ina jin sa yana zagin 'yan wasan da ba su san yana duniya ba. Ba ya neman mafarkin kowa. Ina zaune a tsakar gida da tuwonsa a rufe, na rasa ko da ƙaryar da za ta fito mini da shi.