Dattijon da Ya Dawo da Lasifikoki

Lorraine ba ta san sunan dattijon da ya shigo shagonta na kayan sauti a Milwaukee ba. Dogo ne, rigar sanyinsa ta koɗe, yatsunsa masu kauri irin na wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'anta. Yana rungume da ƙananan lasifikoki biyu cikin bargo, fuska a murtuke.

"Baiwar Allah, kun cuce ni," in ji shi. "Kun ce za su dace da amfilifayata, na'urar ƙara sauti. Na sauya wayar haɗi, na cire kafet, har labulen marigayiya matata na sauke. Amma sautin gogen da ke cikin faifan nan ya ƙi fitowa."

Ta haɗa su, ta ɗora faifan da ya kawo. Goge na tashi siriri, tar da shi, har masu ciniki suna waigowa. Shi kuwa yana matsowa, yana jira.

"Kin ji ko? Babu shi!"

Lorraine ta dubi masu cinikin da ke sauraron gogen. Sai ya lura da fuskokin mutanen: kowa na ji, ban da shi. A hankali ya kai yatsa ya taɓa kunnensa.