Robar Keken Baba

Jiya ƙamshin ruwan farko ya gauraya da warin baƙin mai a bakin garejin unguwarmu, sai surukina marigayi ya faɗo mini a rai.

A shekarun tsadar nan shi ke tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a kasuwar hatsi ta Dawanau, ni kuma ina dako, ban daɗe da auren 'yarsa ba. Wata la'asar hadari ya haɗo. Ruwa kan shiga siton, ga geron iri na mutanen ƙauyenmu jibge a ƙasa. Injin motar yana ta gurnani, amma farantin ɗaga buhunan ya ƙi tashi.

Baba, kamar yadda nake kiran surukin nawa, ba ya taɓa inji sai ya saurare shi. Ya kara kunne, ya lumshe ido kamar uwa mai sauraren numfashin jariri.

"Iska yake zuƙa, ango. Bututun mai ya tsage. Miƙo mini kekena."

"Baba, da me za ka koma gida?"

"Da ƙafafun da na zo duniya da su. Yi sauri, bar tunanin amarya."

Ya zare robar cikin tayar, ya naɗe bututun tam, ya ƙara mai. Farantin ya girgiza, ya tashi a hankali, muka kwashe buhunan zuwa sama. Da ruwan ya malalo, siminti kawai ya tarar.

Har yau ina hango shi yana tura keken cikin laka, rigarsa sharkaf. Geron nan shi ƙauyenmu ya shuka.

Allah Ya yalwata makwancinka, Baba, Ya sa ka huta.