Takardar lanho da Mushe Illa ya aiko mini

Mushe Illa ya rasu.

Da safen nan 'yarsa ta kira ni daga Madawa, ko shayin da na zuba ban kurɓa ba. Ta ce bayan sallar asuba ya koma ya kishingiɗa, shi ke nan. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Da yawanku kun san shi tsoho makaho mai zama a ƙofar gida da rediyo a kunne. Ni na san shi tun yana akawu a biron lanho, wato ofishin haraji, zamanin soja. Mushe kuwa kamar a ce malam ne, haka muke kiran ma'aikacin boko, daga Faransanci. Gajere ne, da tabarau ɗaure da zare, da wani ƙaramin babur, mobilet, da sai an tura yake tashi.

Takarda ce ta haɗa mu. Ban taɓa ba da labarinta a fili ba, yau zan bayar.

Bayan babban farin nan na shekarun tamanin, ina ƙauyenmu kusa da Ibohaman, magidanci, ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Wana Sa'idu ya tafi cin rani, ya mutu can. Muka yi zaman makoki, amma ban je an cire sunansa daga katin gida ba. Da katin nan ake biyan lanho, da shi kuma ake raba hatsin taimako, kowane suna da rabonsa. Inna, mahaifiyarmu, tana kwance da tari. Matata Rabi tana da ciki. Rumbu ba ko zangarniya ɗaya.

Sai na yi shiru, na ci gaba da karɓar rabon mamaci.

Na san ba daidai ba ne. Kuma kowa ya san wanda aka kama da wasa da hatsin taimako, gardi, dogarin gwamnati, shi zai tisa ƙeyarsa a gaban jama'a da igiya a hannu.

Wata Juma'a bayan an sauko, maigari ya kira sunana a ƙofar masallaci, ya miƙa mini ambulan. Ya ce gardi ne ya kawo, daga masu lanho. Mutane suka juyo suna kallona. A garinmu ba a taɓa aiko wa talaka takarda da sunansa don alheri ba.

A raina na ce sun gano.

Akwai malamin lakwal, makarantar boko, a ƙauyen da ke gabanmu wanda zai iya karanta ta, amma a wurina shi ma mutumin gwamnati ne, kai masa takardar tona kai ne. Sai na kai wa liman. Bawan Allah ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce shi dai ba ya karanta rubutun nasara, amma hatimin nan shi ne na jikin takardar lanho. Ya yi mini rubutu na sha, ya ce in dage da addu'a.

Na cusa ta a jinkar ɗaki. Kwana tara tana can. In na ji ƙugin mota daga nesa, sai in bar hauya a gona in haye duwatsu in laɓe, kamar akuyar da ta yi ɓarna. Rabi ta daina tambayata. Inna kuwa daga shimfiɗarta tana kallon komai.

Rana ta goma ta kira ni. Ta ce:

"Tashi ka tahi. Gara in ji kana nesa da in ga an ɗamre ka gaban mutane. Ni tarin ga ya yi sauƙi."

Bai yi sauƙi ba, kuma na san bai yi ba. Amma tsoro ya fi ƙarfina. Na bi 'yan kasuwa har Bangi, na tsallaka iyaka, na shiga sayar da ruwa a Sakkwato.

Sau uku 'yan garinmu suna kawo mini saƙo cewa wani akawu mai mobilet ya zo nemana, ya ce in dawo, ba komai. Sau uku ina cewa tarko ne. Saƙo na huɗu ba daga gare shi ba ne. Inna ta rasu, har an yi sadakar arba'in.

Ban yi mata addu'a a kusa ba, ban ɗauki gawarta ba, ban zuba mata ƙasa ba. Wannan abin yana nan a ƙirjina har gobe.

Da na dawo, na zaro takardar daga jinka, gara ta fara cin gefenta. Na tafi Keita da ƙafa, inda masu lanho suke, na shiga biro na ajiye ta a kan tebur, na ce ga ni, a ɗaure ni. Ba abin da ya rage da nake tsoro.

Mushe Illa ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in zauna. Ya buɗe ta ya karanta da Faransanci, layi uku kacal. Sannan ya ce:

"Ni ar rubuta ta. Kasuwa nij ji wanka ya rasu, nig ga kana ta biya mai lanho. Nic ce ka taho in kashe sunan, ka huta. Shi ke nan abin da ac ciki."

Na ce to hatsin fa? Ya ce ya sani tun tuni. "Cikin tsohuwa yash shiga, ba kasuwa ba."

Ƙato da ni, na zauna a ƙasan biro na yi kuka.

A gida Rabi ta ba ni sauran labarin, don shi bai taɓa faɗa ba. Da ya ga ban zo ba, ya hau mobilet ya zo ƙauye, ya tarar na gudu. Daga ranar duk mako sai ya zo da maganin tari da ɗan sukari. Yakan zauna a bakin ƙofar Inna yana ba ta labarin ƙarya wai an gan ni ina lafiya na yi ƙiba. Ranar da ta cika yana nan. Shi ya shiga kabari ya karɓe ta, a wurin da ya kamata in tsaya. Shi ya aza dutse a kai don in gane wurin in na dawo.

Da Rabi ta haihu, shi ya kawo ragon suna.

Bayan haka ya ce ba zai bar ni haka ba. Duk ranar kasuwa bayan la'asar, a gindin bedi, wato darbejiyar da ke bayan biro, ya riƙa koya mini karatu da guntun alli. Ba shi da haƙuri ko kaɗan, yakan ce kaina ya fi dutsen ƙasarmu Adar tauri. Abu na farko da na karanta da kaina daga farko har ƙarshe, takardar nan ce. Wannan rubutun da kuke karantawa ma albarkacinsa ne.

Kuma har ya ajiye aiki bai sake aika wa mutumin ƙauye takarda ita kaɗai ba. Ko ya je da kansa, ko ya haɗa ta da wanda zai yi bayani da baki. Abokan aikinsa suna yi masa dariya, wai akawu ya koma masinja.

Ganinmu na ƙarshe da ƙaramar sallar da ta wuce ne. Ya rame sosai. Ya laluba ya kama hannuna, ya ce:

"Da na taka da ƙahwata na hwaɗa maka da baki, da kai ar ruhe uwakka. Ka yahe mani?"

Ba ranar ya fara tambaya ba. Kullum sai in ce, Mushe, bar zancen ga, laifin wa? Ranar ma haka na ce, na jawo hirar tsadar albasa. Ina ganin kamar in na ce na yafe, na yarda ya yi laifi ke nan. Ban lura ba kalmar kawai yake so ya ji, shekara da shekaru.

Mushe, ba ka yi mini komai ba sai alheri. Amma tunda ka tambaya, na yafe, duniya da lahira. Na so a ce kunnenka ya ji.

Ina cikin mota yanzu, mun kama hanyar Madawa. Na roƙi iyalinsa su jira ni zuwa azahar, sun yarda. Ni zan shiga kabarin in karɓe shi.

Allah Ya jiƙan Mushe Illa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba shi littafinsa a hannun dama. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In kun ɗaga hannu, ku sa da Inna.